Shatin Yatsu a Ƙafar Goɗiya

An yi wani mutum a Njamena, a unguwar Ridina, wanda Allah ya ba shi ido a kan doki. Ba zan faɗi sunansa ba. Waɗanda suka san shi sun san shi, waɗanda ba su san shi ba kuma sunan ba zai ƙara musu komai ba. A filin sukuwa Doktor ake ce masa, ko da yake bai taɓa zama a aji ba.

Ya 'yan uwa, ido ne na gaske, ba tsibbu a ciki. Doki zai wuce ta gabansa sau ɗaya, ya ce wannan bai sami kanwa ba, wancan an cika masa gero, wannan kuma numfashinsa ba zai kai shi ƙarshen fili ba. Kuma haka za ta kasance. Abu guda yake alfahari da shi: ba ya taɓa doki da hannu. Yakan ce laluba aikin makafi ne. Sai fa in zuciyarsa ta yi shakka ƙwarai, to nan ne zai durƙusa ya kama ƙafa. Kowa a filin ya san wannan. Matarsa ma ta sani.

Da ya so, da wannan ido ya ci halal har ƙarshen ransa. Masu dawaki sun sha roƙonsa ya je Sudan ya zaɓo musu dawaki masu asali, su biya shi ladan tafiya. Ya ce shi ba zai ƙone a bayan mota kwana biyar saboda dokin wani ba. Sai ya ɗauki kyautar da Allah ya yi masa ya kai ta kasuwar 'yan caca.

Akwai rumfar wani mai shayi a gindin darbejiya, daura da ƙofar filin. Kowace Asabar bayan la'asar nan yake zama a kan benci, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya bi dawakan da za su yi tsere ranar Lahadi ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi mai ci da mai faɗuwa. Direbobi da mahauta da masu babur da tsofaffin sojoji su kewaye shi, su yi tsit kamar ana karanta musu wasiƙa daga gida. Wanda ya ci ya kawo masa nasa kason. Wanda ya faɗi ba ya ganin laifin Doktor, sai ya ce mahayi ne ya ɓata.

Faki Adum, limamin unguwa, ya taɓa tare shi a ƙofar masallaci. Ya ce, "Abu Annur, Allah ya haɗa caca da giya a aya guda. Kai da ba ka shan giya, don me kake ɗura wa mutane 'yar uwarta?"

Mutumin ya yi dariya yana sa takalmi. Ya ce, "Faki, ni labarin doki nake bayarwa. Ka ji da sahunka, in ji da filina. Ranar da na yi kuskure a kan doki, ka zo ka yi mini wa'azi."

Kun ji? Bai ce ba zunubi ba ne. Cewa ya yi shi ba ya kuskure.

Annur ɗin da ake kiran mutumin da sunansa shi ne ɗansa namiji guda. Shekararsa ashirin da uku, siriri ne, mara nauyi, kuma mahayi ne a filin. Ba ya caca, ba ya ƙarya, abin da ke cikinsa shi ke bakinsa. Saboda kada ya yi nauyi, loma biyar yake yi ya tsame hannu, uwarsa Ashta ta riƙa ɓoye masa nama a ƙarƙashin gurasar dawa da ake kira kisar, ya gano ya yi dariya ya mayar mata. Wannan yaro ya yarda da maganar ubansa fiye da idonsa. Da uban zai ce masa kogin Shari ya juya yana gudu baya, da ba zai je ya duba ba.

Aka zo babban tseren shekara. Gajere ne, mita dubu, ba dabara a cikinsa, daga tashi sai isa. Dawaki takwas. A cikinsu akwai Nijme, goɗiyar Alhaj Bishara, bikili mai dogon wuya da aka kawo daga Niyala ta ƙasar Sudan, wadda ta ci sau huɗu a jere. Akwai kuma Sagur, wani akawal na wani ɗan kasuwar Abeshe, sabon zuwa, ba wanda ya san shi sosai. Annur ne zai hau Sagur.

Ranar Asabar da safe aka kai dawakan bakin Shari kamar kullum, suka tsaya a cikin ruwa ƙafafunsu suka yi sanyi. Da aka fito da su, aka shafa musu lalle daga gwiwa zuwa kofato, don ya sanyaya jijiya kuma ya yi musu ado gobe. Lallen Nijme daga hannun Ashta yake fitowa, don ita ke daka shi ta kwaɓa ta sayar wa barga-barga. Tsoho Jimet, mai kula da goɗiyar, ya shafa mata, ya ɗaure ta a inuwa, ya tafi neman wuta ya dafa shayi.

Mutumin nan yana tsaye daga nesa yana kallo. Sai ya ga abin da ba wanda ya gani. Ƙafa uku lallensu ɗanye shar. Amma ƙafar gaba ta hagu, daga baya wajen jijiya, lallen ya riga ya bushe har ya fara tsagewa.

Ya san ma'anarsa. Ƙafar da ke da zafi a ciki ita ke fara shanye lalle.

Ya duba hagu, ya duba dama. Ya durƙusa. Ya kama ƙafar dama ya riƙe, ɗanyen lalle ya cika masa tafi, sanyi ƙalau. Ya kai bayan hannu ga ta hagu, zafi kamar gefen murhu. Goɗiyar ta ɗan janye ƙafar. Sai ya ji tarin Jimet yana dawowa, ya miƙe da sauri, ya cusa hannun cikin aljihu da lallen da komai. Suka gaisa, suka sha shayi, ya karɓi kofi da hannun hagu yana cewa na daman ya yi masa tsami. Lallen ya bushe a cikin aljihu, ya kama tafin ya yi ja.

Ya 'yan uwa, kalma nawa ake bukata a nan? "Jimet, duba hagu." Uku ne. Yaro mai koyon magana zai iya faɗinsu.

Amma Shaiɗan ya riga ya zauna masa a kafaɗa yana yi masa lissafi. Duk gari Nijme zai bi. Wanda ya yarda ya tsaya a kan wani doki daban, in ya ci, ninki biyar za a ba shi. Ita goɗiyar ba za ta faɗi ba, in ji zuciyarsa, za ta dai rage gudu a ƙarshe, Sagur ya wuce, ɗansa ya ɗauki tuta, shi ya ɗauki kuɗi. Wa aka cuta? Haka ya ce wa kansa. Kafin azahar ya tattara duk abin da ya mallaka, har da kuɗin filin da ya sayar a unguwar Digel, ya damƙa wa wani Hamis mai sayar da taya, ya ce ya tsaya masa a kan Sagur a ɓoye.

Da la'asar ya hau bencinsa. Ranar nan rumfar ba wurin sa ƙafa.

Ya fara bin dawakan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Dahab? Dahab ya ci dabino ya yi tumbi, a kai shi ya ja amalanke." Aka fashe da dariya. "Kilin sojan nan yana da tashi, amma yana kai rabin fili zai tuna da harawarsa."

Wani mahauci ya ce, "Doktor, Sagur fa? Ɗanka ne a kai, kada son kai ya hana ka magana."

"Kai mai tozo, ɗana daban, doki daban. Sagur zai sha ƙurar Nijme ya ƙoshi, in ya yi sa'a ya zo na biyu. Nijme kuwa, ko buhun gero aka ɗaure mata a baya sai ta ci. Shekara talatin ina kallon dawaki, ban ga ƙafafu huɗu masu lafiya irin nata ba."

Ƙafafu huɗu. Haka ya faɗa, da hannunsa a aljihu. Annur yana bayan taron yana ji, yana murmushi, ko haushi bai ji ba. Uban bai gaya masa gaskiya ba, don ya san yaron ba zai iya riƙe ta ba, zai je wurin Jimet a guje.

Da ya koma gida, Ashta ta kawo masa ruwan wanke hannu. Ta ga tafin. Ta ce, "Abu Annur, yaushe aka sa maka lallen ango ban sani ba?"

Ya ce, "Ƙwaryarki na dafa da zan fita."

Ta san ƙarya ne. Tun asuba ta aika da lallen duka, ta wanke ƙwaryar ta kife. Ta kuma san abin da ke sa mijinta ya taɓa doki. Ta zuba masa miya.

Ranar Lahadi bayan azahar yana kan bencinsa, mutane sun yi masa rumfa, kowa ya riga ya zuba abin da zai zuba. Sai ga Annur ya ratso taron yana haki. Ba jar rigar mai Sagur ce a jikinsa ba. Koriya ce, rigar bargar Alhaj Bishara.

Ya ce, "Abba, albishirinka! Mahayin Nijme ya tashi da zazzaɓi. Alhaj ya ce wa zai hau, na ce ni. Mai Sagur ya sake ni, ya sami wani."

Kofin shayin da ke hannun mutumin ya tsaya a hanya. Ya ce, "Ka koma kan dokinka. Namiji ba ya saɓa alkawari."

"Ai shi ya ce in je, Abba, har ya sa mini albarka. Ya ce wa zai hana yaro hawan dokin da Doktor ya ce ko buhu ya hau sai ya ci?"

Mutane suka yi shewa. Mahaucin nan ya ce, "Ga buhun geron ya iso!" Aka yi dariya har da tafi.

"Na ce ka koma."

Annur ya daina dariya. Ya dubi fuskar ubansa da kyau. Ya ce, "Abba, ko akwai abin da ke damunta? In akwai ka faɗa mini, in tuɓe rigar nan yanzu."

Direbobi suna kallonsa. Mahauta suna kallonsa. Mutumin da ya sayar da akuyar matarsa jiya saboda maganar Doktor yana kallonsa. In ya ce akwai, to jiya ƙarya ya yi musu a kan wannan bencin, shekara talatin ta rushe a la'asar guda, ƙila ma su ja shi a ƙasa. In ya ce babu, sunansa yana nan, kuɗinsa yana nan, kuma ai rage gudu kawai za ta yi.

Allah ya buɗe masa ƙofa ta biyu, ya 'yan uwa, da bakin ɗansa ya buɗe masa. Mutum nawa ake yi wa haka?

Ya ɗaga kai ya ce, "Ba abin da ke damunta. Ni na taɓa kuskure a kan doki?"

Annur ya sumbaci kan ubansa, ya juya da gudu.

Aka jera su, aka saki tuta. Nijme ta fita kamar an harba ta. Kafin rabin fili ta ba su tsawon doki uku, mutane suna tsalle suna kiran sunanta, suna kiran Doktor. Shi kuwa yana riƙe da ƙarfen shinge, leɓensa yana motsi, yana cewa ta rage, ta rage. Amma goɗiya mai asali ba ta san ragewa ba. Irinsu gudu suke yi a kan ciwo har abin da zai karye ya karye.

Saura kaɗan ta isa, aka ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Ƙafar hagu ta lanƙwashe. Ta kife da ka, Annur ya wuce ta saman wuyanta, ita kuma ta biyo shi ta faɗa masa. Dawaki biyu na baya ba su sami wurin kaucewa ba.

Sagur ne ya ci. Ba wanda ya kalle shi.

Annur bai kai magariba ba. Washegari da hantsi aka kai shi maƙabartar Lamaji.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suna zuwa, ana zagayawa da shayi. Kowa yana cewa ƙaddara ce, ko Doktor ba ya ganin abin da ke cikin ƙashi. Shi kuma yana gyaɗa kai, hannun damansa a cikin hannun riga.

A rana ta uku Faki Adum ya ce a ɗaga hannu a yi wa mamaci addu'a. Ba yadda za a yi uban mamaci ya ɗaga hannu ɗaya. Ya fito da shi, ya buɗe tafinsa ga sama, ja wur a tsakiyar fararen tafukan mutane.

Tsoho Jimet yana zaune kusa da shi. Ya bari aka shafa. Sannan ya kama hannun ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Doktor, ranar Asabar na tarar da shatin yatsu biyar a lallen ƙafar dama. Na ce wani ya ga abin da ban gani ba. Na duba ƙafar dama sau uku, na matsa ta, na lanƙwasa ta, ban ga komai ba. Ban duba hagu ba. Ashe kai ne. Kai da ba ka taɓa doki sai ka yi shakka."

Mutumin ya fizge hannunsa. Ya ce, "Tsufa ya taɓa maka kai. Ƙwaryar matata na dafa. Ajali ne ya zo, ko za ku yi jayayya da Allah?"

Da maganar ta tsaya nan, da wasu sun yarda da shi. Amma a daidai lokacin Hamis mai taya ya bi ta ƙofar baya, don kunyar idon maza, ya miƙa wa Ashta wata baƙar leda. Ya ce, "Am Annur, ki ajiye wa Doktor. Na Sagur ne. Ba na son ya ƙara kwana a wurina."

Ta buɗe ta gani. Ba ta yi kuka ba. Ta ja mayafi ta nufi ƙofar gida. Mata suka riƙe ta suna cewa mace ba ta shiga zaman maza, ki rufa wa gidanki asiri. Ta ture su. Ta taka tabarmin da takalminta, ta tsaya a gaban mijinta, ta zazzage ledar a kan cinyarsa.

Ta ce, "Ga kuɗin Sagur. Ƙwaryata a kife take tun asubar Asabar. Ka ƙirga ka gani ko sun ba ka kuɗin ɗanka daidai."

Ba wanda ya doke shi. Ba wanda ya zage shi. Maza suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna neman takalmansu. Iska ta riƙa kwasar takardun kuɗin tana kai su kwata, ba wanda ya sunkuya.

To, kuna tsammanin ya rusuna? Bai rusuna ba. Asabar ta gaba ya je rumfar ya hau bencinsa, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya fara bin dawakan Lahadi. Mai shayi ya ɗauke butarsa ya koma gindin wata bishiya. Mutumin ya ci gaba da magana shi kaɗai har ya kai doki na ƙarshe. Faki Adum ya je har gida sau uku yana cewa ƙofar tuba ba ta rufe ba. Shi kuwa sai ya ce, "Ban kashe kowa ba. Doki ne ya faɗi."

Bakinsa ke nan. Hannunsa kuwa wata magana yake yi. Lalle sati uku yake yi ya fita, kowace mace ta sani. Nasa ma ya fita. Amma shi bai ga ya fita ba. Ya goge tafin da toka, ya goge da yashi, ya goge da lemun tsami, ya goge da fetur. Ya kai ga dutsen goge kaushi. Fatar ta saɓule, ta yi ja, sai ya ce kun gani, yana nan, ya ƙara gogewa. Ciwon ya ruɓe, aka yanke yatsu biyu, daga baya aka yanke hannun daga wuya. Matarsa ta koma gidan ɗan uwanta. Gidan Ridina ya fita daga hannunsa. Ya koma kwana a jikin katangar filin, duk Lahadi ya tsaya daidai inda goɗiyar ta kife yana cewa ta rage, ta rage. Shekara huɗu yana haka. Masu share fili ne suka tsince shi wata safiya. Ko ya tuba a numfashinsa na ƙarshe, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ni ban sani ba.

Ya 'yan uwa, an ce mini kada in rubuta wannan. An ce mamaci ne, a bar shi. An ce ke wace ce, ko haruffanki ba su miƙe ba. Na ji, kuma na rubuta. Ban faɗi sunansa ba, amma ba zan rufe aikinsa ba, don har gobe akwai wani a kan wancan bencin, akwai kuma 'ya'yan mutane a kewaye da shi.

Kada kowa ya zo mini da maganar ƙaddara don ya rufe mini baki. Na yarda da ƙaddara fiye da mai faɗa mini. Kwanan Annur ya ƙare, ko a kan tabarma yake ranar sai ya tafi. Amma an tambayi mutum gaskiya a gaban jama'a ya ce babu, kuma za a sake tambayarsa a inda ba benci, ba masu tafi.

Ku masu cewa caca ɗan wasa ne na ranar Lahadi, ku dubi inda take farawa da inda take ajiye mutum. Ba ta fara neman ɗanka ba. Kuɗin shayi take fara nema. Sannan ta nemi filinka, sannan ta nemi harshenka. Ranar da ta kai ga ɗanka, za ta tarar ka riga ka saba cewa to. Ku masu cewa mu ba ma zubawa, labari kawai muke bayarwa, wa ya tura mai akuya ya sayar da akuyar? Duk wanda abincinsa yake cikin faɗuwar ɗan uwansa, wata rana zai ga ciwo ya yi shiru.

Ku kuma mata, ban ƙyale ku ba, don ita ma Ashta ba ta fita ba. Shekara ashirin tana dafa cefanen Lahadi ba ta tambayi daga ina ba. Ranar Asabar ta ga jan tafi, ta san ma'anarsa, gidan Jimet kuma bai fi tafiyar tafasar shayi ba. Ta zaɓi zaman lafiyar cin tuwo. Ta yi magana ranar Laraba a gaban maza, aka ce jaruma ce. Ba jaruma ba ce. Ta makara da kwana huɗu. In kun ga ja a hannun mazanku, ku tambaya tun ɗanku yana numfashi, ko da za a kife muku akushi.

Kada ku ce a ina na ji duk wannan. Koriyar rigar nan da aka kawo daga fili, ni na wanke ta, ni kuma na haifi wanda ya sa ta.

Allah ya jiƙan Annur, ya haskaka kabarinsa. Allah ya yafe wa wadda ta gani ta yi shiru. Allah kada ya bar mu da idon da zai ga ciwo da bakin da zai ɓoye shi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga abin da hannayenmu suka taɓa. Amin.